Masu Karanta Launi a Jikin Gansakuka

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare zai tuna gwajin nan: a yanka ɗanyen dankali ko rogo, a ɗiga masa aidin, nan take wurin ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Malam ya ce alamar sitaci ke nan, a rubuta a littafi, a wuce gaba. Tun 1814 wasu Faransawa biyu, Colin da Gaultier de Claubry, suka lura da wannan sauyin launi, don haka tsohon ilimi ne. Sai dai akwai masanan da suka ɗauki wannan gwajin na yara suka ƙware a kansa, har suka kai ga gane, daga launi kawai, wane sinadari ne ya daina aiki a cikin wata halitta da ido ba ya iya gani. A fagen nazarin halittu, kaɗan ne ayyukan da suka burge ni kamar nasu.

Gansakukar da muka sani ita ce koren nan da ke lulluɓe kududdufi da bakin rijiya da damina. Wata zare-zare ce, wata kuwa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, tana yawonta ita kaɗai cikin ruwa. Daga cikin masu ƙwaya ɗayan akwai wadda masana suka fi shaƙuwa da ita, sunanta Chlamydomonas reinhardtii. Sai an jera kusan ɗari kafin su cika milimita guda. Tana da gashi biyu a gabanta da take iyo da su, da wani ɗigo ja-ja mai jin haske wanda ke nuna mata inda rana take. Mafi yawan waɗanda ake kiwo a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya a yau jikokin wadda wani masanin tsirrai, Gilbert Smith, ya ɗebo ne a 1945 daga ƙasar wata gonar dankalin Turawa kusa da garin Amherst a Amurka.

Da rana wannan 'yar halitta tana haɗa sukari daga haske da ruwa da iskar kabon dayoksaid, kamar kowane ganye. Matsalarta ita ce ajiya. Sukari narkakke yana jawo ruwa, ita kuwa cikin ruwan daɗi take zaune, dama can tana da wasu 'yan jakunkuna biyu da ba su da aiki sai fitar da ruwan da ke kutsa mata. Da za ta tara sukari tsagwaronsa, da kumbura za ta yi ta fashe. Sai take ɗinke ƙwayoyin gulukos ɗaya bayan ɗaya su zama doguwar sarƙa, ta dunƙule sarƙoƙin su zama tsakuwar da ba ta narkewa. Sitaci ke nan, irin wanda ke cikin gero da masara da rogo. Kuma iri biyu ne a haɗe. Akwai amilos, sarƙa miƙaƙƙiya wadda kusan ba ta da reshe, ita ce kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na sitacin yawancin hatsi. Sauran kuma amilofektin ne, mai rassa. Doguwar sarƙa takan nannaɗe, aidin ya shige cikin nannaɗin ya jeru, daga nan shuɗin yake fitowa. In sarƙar ta gajarta, launin ya koma ja ko ruwan ƙasa. In ta gajarta ƙwarai, ko babu ita sam, sai rawayar aidin kawai a gani. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe harafin farko na karatun da za mu yi magana a kai.

In dare ya yi, sai a kwance abin da aka ɗaure. Wannan aikin enzayim ne, wato wasu sinadaran furotin da kowanne yake da aiki ɗaya da ya sani: wani ya yanke sarƙa a tsakiya, wani ya riƙa gutsurar gulukos bibbiyu daga bakinta, wani ya datse reshe daga gindinsa. Ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai ɗaya a cikin yawun bakinmu, shi ya sa in aka daɗe ana tauna burodi ake jin ya fara zaƙi. Matan da ke dama kunun zaki suna niƙa busasshen dankali su zuba, kuma dankalin Hausa cike yake da enzayim ɗin da ake kira beta-amiles, mai gutsurar bibbiyun nan. Daga jikin dankalin ma aka fara tace shi tsantsa a 1946. Shi ne yake mayar da wani ɓangare na sitacin geron ya zama sukari, kunun ya tsinke ya yi gardi. Danginsa na nan a cikin gansakuka, suna irin wannan aiki.

To, ga wahalar. A cikin ƙwaya ɗaya akwai enzayim iri-iri da ke taɓa sitaci, wasu na gini, wasu na rushewa, kuma ko da madubin likita mafi ƙarfi ba za ka tsaya ka kalle su suna aiki ba. In ka niƙe ƙwayoyin ka tace, ka san su waye a ciki, amma ba ka san wa ke yin me ba lokacin da halittar take raye. Dabarar masu nazarin gado ita ce su lalata ɗaya, su ga abin da ya tsaya.

A nan ne Chlamydomonas ta fi masara sauƙin sha'ani. Kowane enzayim yana da rubutaccen umarnin ƙera shi a cikin kundin gadon halitta. Mu da masara kwafi biyu muke da shi na kowane umarni, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, in ɗaya ya lalace ɗayan ya rufa asiri. Ita kuwa kwafi ɗaya gare ta, da ya lalace aibin zai fito fili. Ga saurin haihuwa: cikin sa'o'i kaɗan take rabuwa, cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan ƙwaya ɗaya ta zama ɗigon kore da ido ke gani a kan faranti. Mai nazarin masara sai ya nemi gona ya jira kaka. Mai nazarin gansakuka kuwa dubban iyalai yake jerawa a kan kanta ɗaya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Steven Ball da ɗalibansa a Jami'ar Lille da ke arewacin Faransa, tun daga farkon shekarun 1990. Sukan haska wa ƙwayoyin wani haske mai lalata kundin gado, ko su cusa musu wani guntun umarni da zai faɗa duk inda ya ga dama ya ɓata abin da ya tarar. Ba wanda ya san inda ɓarnar ta sauka. Sai a shuka waɗanda suka tsira a kan faranti, kowace ta kafa nata ɗigon. Daga nan sai a zo matakin da na fi yabawa. In ka tura aidin kan ɗigon yadda yake, koren zai haɗiye launin, kuma sitacin ciki bai taka kara ya karya ba. Saboda haka sai su mayar da su kan abincin da babu naitirojin a ciki, sinadarin nan da manomi ke nema a takin yuriya. Ƙwayar da ta rasa naitirojin ba ta iya rabuwa, amma ba ta daina haɗa sukari nan take ba, sai ta yi ta tara sitaci har ya cika ta, korenta kuma ya koɗe. Da jifa ɗaya sun sami abu biyu: sitaci mai yawa, da farin fili da launi zai fito a kansa. Har ila yau sun gano cewa sitacin da ake tarawa a wannan hali ya yi kama ƙwarai da na ƙwayar masara, wato abin da aka koya a faranti zai yi amfani a gona.

Ba ɗiga aidin suke yi ba, don ruwa zai wanke ɗigogin ya cakuɗa su. Tururinsa suke sakar musu. Kuma tunda aidin kisa yake yi, shi ya sa ma ake shafa shi a ciwo, dole kafin nan an kwafi kowane ɗigo a wani farantin daban, a jere iri ɗaya, don in an ga abin sha'awa a sami rayayyensa. Cikin ɗan lokaci farantin zai cika da ɗigogi baƙaƙe, lafiyayyu ke nan. Mai aikin yana neman wanda ya saɓa: ja a tsakiyar baƙaƙe, ko rawaya, ko wani kore-kore mai duhu. Zai iya duba dubbai bai ga ko ɗaya ba. Kuma in ya gani, sai ya iya bambance ɗigon da launinsa ya sauya saboda aibi na gaske da wanda bai yi girma sosai ba, ko wanda ke gefen faranti inda tururin bai kai da kyau ba. Wannan ido ba a karanta shi a littafi, yawan yi ne ke kawo shi.

Jan ɗigo na nufin babu amilos. A 1992 suka nuna cewa irin da suka sa wa suna sta2 ya rasa enzayim ɗin da ke saƙa miƙaƙƙiyar sarƙar. Amma launi zargi ne kawai, sai an kawo hujja. Hujja ta farko: a niƙe ƙwayoyin, a zuba ruwan a kan wani daskararren abu mai taushi da aka gauraya da sitaci, a sa wutar lantarki ta ja furotin ɗin su rarrabu, kowanne ya tsaya a nasa matsayi. A bar su su yi aiki a inda suka tsaya, sannan a jiƙa da aidin. Inda mai yanke sarƙa gutsu-gutsu ya zauna, wurin zai fito fari fat, ya cinye sitacin. Inda mai ƙara rassa yake, ja. Inda mai datse rassa yake, shuɗi, domin ya bar sarƙoƙi miƙaƙƙu. A ajiye layin lafiyayya kusa da na mai aibi, a duba wane zane ne ya ɓace. Hujja ta biyu aure ne. Chlamydomonas jinsi biyu gare ta, kuma yunwar naitirojin ɗin nan ce ke sa su neman juna. In aka haɗa mai aibi da lafiyayya, abin da suka haifa yakan rabu gida huɗu, mai aikin kuma ya zauna gaban madubi da siririyar allurar gilashi yana raba 'ya'yan huɗu ɗaya-ɗaya ba tare da ya fasa su ba. In aibin na umarni ɗaya ne, biyu za su fito lafiya, biyu da aibi. In kuma kowane ɗa mai baƙon launi shi ne wanda zanen ya ɓace masa, sau da yawa ba kuskure, to magana ta tabbata.

Da wannan hanya suka ci karo da abin da ya girgiza fagen a 1996. Akwai wani iri, sta7, da ya fito rawaya: babu sitaci ko kaɗan. Kowa zai ɗauka wani magini ne ya ɓace. Da Grégory Mouille da abokan aikinsa suka duba zanen, sai suka ga wanda ya ɓace mai datse rassa ne, wanda ake kira aisoamiles, enzayim ɗin da aka sani da rushewa. Kuma a maimakon sitaci, ƙwayar tana tara ɗan wani abu mai narkewa, mai rassa barkatai, kamar gilaikojin ɗin da hantar mutum ke ajiyewa. Ta yaya rashin mai rushewa zai hana gini?

Amsar da Ball da abokansa suka bayar a wannan shekarar ita ce: masu ƙara rassa ba su da tsari, ko'ina suke dasawa. In rassa sun yi yawa kuma sun warwatsu, sarƙoƙin ba sa iya kwantawa kusa da juna su matse, ruwa na shiga tsakaninsu. Mai yin darni ya san haka, sai ya share wa kara ganye da 'yan rassan gefe kafin su jeru su haɗe ba kafa. Aisoamiles yana bi yana datse rassan da suka fito ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda suka rage su jeru gungu-gungu, su matse, su zama tsakuwa. Gilaikojin yana da reshe a kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na mahaɗansa, amilofektin kuwa kusan kashi 5, amma inda rassan suka zauna ya fi yawansu muhimmanci. Shekara guda kafin nan, masu nazarin masara a Amurka sun gano cewa tsohuwar masara mai zaƙi, wadda Turawa ke ci ɗanya-ɗanya, irin wannan enzayim ɗin ne ya samu matsala a cikinta. Labaran biyu suka haɗu suka ƙarfafa juna. A ganina a nan ne darajar hanyar ta bayyana: da tunani kawai aka bi, ba wanda zai je neman sirrin ginin sitaci a wurin mai datsewa. Farantin bai san abin da masana ke tsammani ba, abin da ke akwai ya nuna.

Neman masu aibin rushewa ya fi wuya, domin su a gwajin farko baƙaƙe suke fitowa kamar kowa. Sai da David Dauvillée da ɗalibansa, su ma a Lille, suka ƙara mataki: bayan ƙwayoyin sun cika da sitaci, a mayar musu da naitirojin, a hana su haske, ta yadda ba su da abin ci sai ajiyarsu. Lafiyayya za ta cinye nata ta fito fes a gaban aidin. Wadda ta ci gaba da zama baƙa ita ce ke zaune kan abinci ta kasa taɓawa. Sun wallafa wannan a 2013.

Dama an riga an san jerin masu aikin daga ganyen tsirrai. Tsakuwar sitaci ta matse har masu yanka ba sa samun wurin kamawa, sai wani enzayim, wanda aka fara ganowa a dankalin Turawa, ya liƙa mata fosfet a fuska, sarƙoƙin su ɗan saki. Beta-amiles ya bi yana gutsura har ya iso reshe ya tsaya, mai datsewa ya cire reshen, a ci gaba. Sukarin bibbiyun, wato maltos, ya fita ta wata ƙofa ta musamman daga koren ɗakin da ake haɗa abincin. Kundin gadon Chlamydomonas, wanda aka kammala karantawa a 2007, ya nuna tana da dangin duk waɗannan. Amma da aka samu wadda ƙofar nan ta lalace mata, sai aka ga bambanci: a ganye maltos taruwa yake yi a bayan ƙofar, a gansakukar kuwa rushewar ta yi nauyi amma maltos bai taru ba. Masu aikin ba su tanƙwara sakamakon don ya dace da na ganye ba, yadda suka gani haka suka rubuta.

Bayan an saki gulukos, sauran hanyar sananniya ce: matakai goma, kowanne da enzayim ɗinsa, a raba shi gida biyu a tatsi ƙarfi, kamar yadda ake yi a cikin yis da tsokar mutum. Inda gansakukar ta fita daban shi ne lokacin da iska ta ƙare. A cikin laka da dare kowa shaƙa yake yi, ba mai samarwa, oksijin ya ƙare ƙaf. A 1984 wasu masana biyu, Gfeller da Gibbs, suka rufe ƙwayoyin cikin duhu babu iska, suka auna abin da ke fitowa yayin da sitaci ke raguwa. Suka sami abu uku a ma'aunin biyu, ɗaya, ɗaya: fomet, dangin sinadarin da wasu tururuwa ke fesawa, asitet, na cikin ruwan khal, da barasa. Ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke wannan aiki a wurin bakteriya aka fi saninsa, ba a tsirrai ba. Ga kuma 'yar iskar haidirojin da ke biyo baya, abin da Hans Gaffron da Jack Rubin suka fara gani a wata gansakukar a Chicago tun 1942.

Haidirojin makamashi ne mai tsabta, don haka hankula suka koma kansa, musamman bayan 2000 lokacin da Anastasios Melis da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka hana ƙwayoyin sinadarin farar wuta, sukan yi kwanaki suna fitar da shi. Masu bincike a jihar Kolorado ta Amurka suka shiga neman waɗanda ba sa iya fitarwa da kyau, su ma da launi: wani siririn fai-fai mai sauya kala in haidirojin ya taɓa shi. Da suka bi sawun ɗaya daga cikin waɗanda suka kama a 2004, sai ga su a ƙofar aisoamiles, wato sta7 ɗin Lille. Babu sitaci, haidirojin ya ragu. Wani irin kuma, sta6, wanda ya rasa matakin farko na haɗa sitaci, in ya ji yunwar naitirojin sai ya karkata ga tara mai fiye da lafiyayya, shi ya sa masu neman man fetur daga gansakuka suka yi ta nemansa, ko da yake rashin ajiyar yana rage masa ƙarfi.

Akwai wani abin mamaki game da wannan halitta: ko cikin ruwan gulukos ka tsoma ta ba za ta ci ba, domin ba ta da ƙofar shigar da shi daga waje. Asitet take iya sha, da shi ake kiwonta ko cikin duhu. A 2007 masu bincike a Jami'ar Bielefeld ta Jamus, ƙarƙashin Olaf Kruse, suka aro umarnin ƙofar daga wata gansakukar mai suna Chlorella suka dasa mata, ta fara shan gulukos. Shekara biyar bayan haka suka kawo labarin da ya fi wannan. Selulos, abin da ke cikin kara da auduga da takarda, shi ma sarƙar gulukos ne, amma ɗinkinsa daban yake, amiles ba ya iya yanke shi. Sai naman gwari da bakteriya da wasu ƙwari aka sani da iyawa. Suka rage wa Chlamydomonas kabon dayoksaid, suka bar mata haske, suka ajiye mata selulos. Sai ta fitar da wasu enzayim zuwa waje, suka yanyanka shi, ta janye gutsattsarin ciki ta ci gaba da girma. Fiye da shekara sittin ana kiwonta, ba wanda ya yi mata wannan tambayar.

Abin da ya kamata malaman jami'o'inmu su lura da shi shi ne tushen wannan aiki bai buƙaci na'urorin miliyoyi ba. Faranti ne, da fitila, da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, da ƙwayar aidin, da hannu mai tsabta, domin ƙwayar naman gwari ɗaya in ta faɗa faranti ta lalata aikin wata guda. Tsadar tana zuwa ne daga baya, wurin karanta kundin gado. Su kuma ire-iren da aka gano ba a ɓoye su ba. Akwai cibiya a Jami'ar Minnesota ta Amurka da ke adana dubban nau'o'in Chlamydomonas a raye, wasu a daskare cikin tsananin sanyi, wasu a kan abinci ana sauya musu lokaci-lokaci, kowanne da lambarsa da tarihin wanda ya samo shi. Mai bincike daga kowace ƙasa yana iya rubutawa ya biya kuɗi kaɗan a aiko masa da wanda yake so.